Baƙin hutu na tafe, banɗakin baƙi kuma yana ba ni kunya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata huɗu a gidan mijina. Nan da mako uku mahaifiyar maigidana za ta zo mana hutu tare da ƙanwarsa da 'ya'yanta biyu, budurwa 'yar shekara 14 da yaro ɗan shekara 2, kuma kwana 10 za su yi. Banɗaki biyu ne a gidanmu, ɗaya a cikin ɗakinmu, ɗaya kuma kusa da ɗakin baƙi, wanda muka daɗe ba mu yi amfani da shi ba har ya koma wurin jibge tarkace. Da na buɗe shi sai na ji wari yana tashi alhali babu mai shiga, tayil ya yi kanta, cikin masai ya yi zobe ruwan ƙasa, kusurwoyi sun yi baƙi, ƙasan kuma santsi gare shi idan ya jiƙe. A zuwan Mama na baya ta leƙa ciki ta ce, "Nan ne za mu riƙa shiga?" Ba ta ƙara komai ba, amma har yau maganar tana cina. Na roƙi maigida a canza tayil da masai gaba ɗaya ko da bashi za a ci, ya ce babu hali, in share in wanke kawai, ai 'yan gida ne ba baƙi ba. Ya ƙara da cewa idan abin ya dame ni mu bar musu namu, ni kuwa ba na son a riƙa ratsa ɗakin barcina. Mama tana fama da ciwon gwiwa, tashi daga zaune ma sai ta dafa wani abu. Kwana biyu ke nan magana ba ta haɗa ni da maigida sosai. Anti, ni ce nake zuzuta abin, ko shi ne bai damu da mutuncina a idon danginsa ba? Yaya zan yi?

Daga wata uwargida

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma zan fara da tambayarki ta ƙarshe: ba zuzuta abin kike yi ba. Duk mai riƙe da gida ya san baƙo yana iya mantawa da kujerun falo da labulen ɗaki, amma da wuya ya manta banɗakin da ya shiga, domin nan ne kaɗai wurin da yake zama shi ɗaya, ƙofa a rufe, idonsa yana kai wa kowace kusurwa. Ga kuma maganar da aka taɓa yi a gabanki wadda ba ki samu bakin amsawa ba, ta zauna miki a rai tun daga wancan lokaci. Damuwarki tana da tushe, sai dai ina ganin ta kai ki ga neman maganin da ya fi ciwon girma, kuma a nan ne kuka saɓa da maigida.

Bari in tsaya masa a inda yake da gaskiya. Canza tayil da masai aiki ne na fasa ƙasa, kwashe ɓaraguzai, gyara bututu, shimfiɗa siminti, jiran ya bushe, sannan a dawo a cike tsakanin tayil a sake jira. Idan ma'aikaci ya saɓa alkawari sau ɗaya, ko aka fasa aka tarar da ruɓaɓɓen bututu a ƙasa, wanda abu ne da ke yawan faruwa, to baƙinki za su iso su tarar babu banɗakin ma gaba ɗaya. Bashin kuma zai zauna a wuyanku watanni bayan baƙin sun koma gidajensu. Mutumin da ya ce babu hali ba lallai ne ya raina mutuncin matarsa ba, wataƙila lissafin da ke kansa ne ya fi wanda kike gani nauyi. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa shara da wanki kawai sun isa. Da a ce samari ne masu ƙarfi za su zo, da sai in ce to, amma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da yaron da bai san haɗari ba, kuma tsintsiya ba ta maganin santsi.

Ita kuma maganar Mama, ina so ki sake juya ta a ranki ta wata fuskar. Ke kin ji ta a matsayin tsokaci a kan tsabtarki, kuma tana iya zama hakan. Amma ki ɗauki kanki a matsayin mace mai shekaru wadda gwiwarta ke ciwo, ta leƙa ta ga ƙasa mai sheƙi, masai a can ƙasa, babu abin dafawa ko ɗaya a bango. Abin da zai fara zuwa mata shi ne yadda za ta zauna da yadda za ta tashi, kuma manya ba su cika son faɗin rauninsu a gaban surukai ba, sai maganar ta fito a gajarce haka. Ko ma wanne ta nufa, shirin da zan ba ki ya ɗauki duka biyun.

Kafin ki taɓa soso, ki fara gyara tsakaninki da maigida, domin rabin aikin nasa ne. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki faɗa masa kai tsaye cewa kin janye maganar canza tayil, don wannan kaɗai zai sauke masa nauyi ya buɗe kunnensa. Sannan ki ce masa, "Abin da nake tsoro shi ne Mama ta zame a cikin gidanmu. Ina neman abu kaɗan ne: a kira mai gyaran famfo yini ɗaya, a kafa mata ƙarfen dafawa, a sa haske mai kyau. Wanki da sauran shiri ka bar mini." Ki ja hannunsa ku shiga banɗakin tare, ki watsa ruwa a ƙasa ki ce ya taka da ƙafarsa ya ji. Namijin da ya ƙi kashe kuɗi don ado yana iya miƙewa da kansa idan ya gane ƙashin mahaifiyarsa ake magana a kai. Kada ki sa maganar mutuncinki a gaba a wannan zama, ko da yake tana da muhimmanci, domin ita ce za ta mayar da ku cikin jayayyar da kuka baro.

Warin nan da ya fi tayar miki da hankali, mai yiwuwa shi ne mafi sauƙin magani a cikin duk abin da kika lissafa. A ƙarƙashin kowace rariya da wurin wanke hannu da masai akwai lanƙwasar bututu wadda ruwa ke kwanciya a cikinta, kuma wannan ɗan ruwan shi ne yake toshe hanya ya hana iskar magudana hawowa cikin gida. Idan aka yi watanni ba a zuba ruwa ba sai ya ƙafe, hanyar ta buɗe, wari ya riƙa tasowa ko da an wanke wurin tas. Ki kwashe tarkacen duka waje yau ɗin nan, ki zuba ruwa lita ɗaya ko biyu a kowace rariya, ki kora masai, ki buɗe taga ki bar shi ya kwana. Idan washegari warin ya tafi, to ƙafewar ruwan ce, kuma zuba ruwa sau ɗaya a mako zai hana shi dawowa. Idan kuwa yana nan bayan kwana biyu, akwai yiwuwar gindin masai ya saki ko bututu ya tsage, wannan kuma aikin mai gyara ne. Turare da feshin ƙamshi ba sa tsinana komai a nan, cakuɗa ƙamshi da wari kawai suke yi, hancin baƙo kuma yana rarrabe su.

Akwai wani abin da ido ba ya gani wanda nake so ki ba shi muhimmanci saboda Mama. Ruwan da ya daɗe kwance a cikin bututu da kan shawa yana iya tara wata ƙwayar cuta da ake kira lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin salshiyas, tana shiga jiki ta hanyar shaƙar feshin ruwa, kuma tsofaffi da masu raunin jiki ta fi kamawa. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, maganinsa a hannunki yake. Ki kwance kan shawar ki jiƙa shi cikin ruwan khal na 'yan awoyi har ƙofofinsa su buɗe, ki goge shi da tsohon buroshin haƙori ki ɗauraye. Sannan ki buɗe taga, ki saki kowane famfo a hankali, na sanyi da na zafi, ki bar ruwan ya zuba na mintoci da dama kina waje, ki maimaita haka kowane mako har ranar zuwansu.

Ranar da mai gyara zai zo, ki riga ki san abin da za ki nuna masa don kada a kira shi sau biyu. Ki cika bokiti ki juye a rariyar wanka ki ga ko ruwan yana wucewa nan take ko yana taruwa, domin rariyar da ke jan ƙafa yanzu za ta toshe sarai idan mutum huɗu suka fara wanka kullum. Ki ɗiga ɗan ruwa mai launi a cikin tankin masai ki jira kamar minti 15 ba tare da kin kora ba. Idan launin ya bayyana a cikin ruwan masai, robar cikin tankin ta mutu. Ki girgiza masai ki ji ko yana motsi, ki duba famfon da ke ɗiga, ki gwada sakatar ƙofa. A ranar ne kuma za a canza mazaunin masai da murfinsa, wanda a ganina babu wani ƙaramin abu da ke sabunta banɗaki kamarsa.

Yanzu sai wanki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mata da yawa suna gajiyar da kansu da dirza ba tare da sanin abin da suke yaƙi da shi ba. Farar kantar da ke kan tayil da famfo, da zoben nan na cikin masai, yawanci ma'adinan ruwa ne da suka daskare, wato alli da ƙarfe, ba ƙazanta ba. Abu mai tsami ne ke narkar da su, kamar ruwan khal ko ruwan wanke masai da aka yi don cire kanta. Ki rage ruwan cikin masai, ki jiƙa tsumma da ruwan khal ki manna a kan zoben, ki bar shi ya kwana, da safe ki goge. Idan kantar ta yi kauri sai ki maimaita. Bilic, wato ruwan nan da ake faranta tufafi da shi, ba ya cire irin wannan tabo, tabon tsatsa ma ƙara kafa shi yake yi. Idan kuma akwai dutsen marmara a wurin, kada ki kai masa abu mai tsami, zai cinye sheƙinsa. Aikin bilic shi ne kashe ƙwayoyin cuta da fumfuna, kuma sai an fara wanke wuri da sabulu an ɗauraye sannan yake aiki yadda ya kamata. Idan ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, kamar yadda akan rubuta a jikin robar, ma'auni ɗaya cikin ma'auni 49 na ruwa ya isa goge famfo, mariƙin ƙofa, makunnin wuta da mazaunin masai, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. Ki haɗa iya wanda za ki yi amfani da shi a ranar, domin idan ya kwana ƙarfinsa raguwa yake yi.

Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki taɓa haɗa bilic da wani sinadari. Idan ya haɗu da ruwan khal ko ruwan wanke masai mai tsami, iskar kulorin mai guba yake fitarwa. Idan ya haɗu da abin da ke ɗauke da amoniya, wata iskar mai guba ce ke tashi. A ƙaramin ɗaki kamar banɗaki, wannan yana iya shaƙe mutum cikin ɗan lokaci, kuma masu himmar son wuri ya yi fes su ne suka fi faɗawa ciki. Ki ware ranar cire kanta daban, ranar bilic daban, ki ɗauraye da ruwa mai yawa a tsakani, taga a buɗe, safar roba a hannu. Idan kika ji idonki yana yaji ko ƙirjinki ya ɗaure, ki fita ki sha iska nan take.

Baƙin da ke kusurwoyi fumfuna ce, kuma danshi da rashin iska ne suka kawo ta. Kofi ɗaya na bilic a cikin ruwa lita 4 da buroshi mai tauri za su cire mafi yawanta daga tsakanin tayil. Wadda ta riga ta shige cikin robar da ake liƙe gefuna da ita ba ta fita da dirza, sai a kankare robar a sa sabuwa, aikin awa ɗaya ne ga mai gyara. Bayan kin gama duk wannan, za ki ga wani tabo ko tsagewar tayil da suka ƙi tafiya. Ki bar su. Tsufan kaya daban, datti daban, kuma macen da ta riƙe gida shekaru masu yawa kamar Mama ta fi kowa sanin bambancinsu.

Mu dawo kan Mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke rasa rayukansu kowace shekara sanadin faɗuwa, abin da ya sa ta zama ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin raunukan da ba na ganganci ba, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Banɗaki ya tara duk abin da ke kayar da tsoho: ruwa, sabulu, ƙasa mai tauri, ƙuncin wuri, da tashi da zama. Ki samo shimfiɗar roba mai kama ƙasa a wurin wanka, da wata mai tsotse ruwa wadda bayanta ba ya zamewa a bakin fita. Gara babu komai da tsohon tawul da ake yarwa a ƙasa, don tafiya yake yi da ƙafar mutum. Ƙarfen dafawa kuwa a kafa shi da kusoshi cikin bango, ɗaya a gefen masai, ɗaya a wurin wanka, kuma maigida ya rataya nauyinsa a kai ya gwada kafin mai gyara ya tafi. Kada a dogara da maratayin tawul ko irin madafin da ake mannawa a tayil, domin suna saki a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Ki ajiye mata kujerar roba mai ƙarfi wadda ƙafafunta ba sa zamewa don ta yi wanka a zaune, sabulu da soso da moɗa kuma su kasance a inda hannunta zai kai ba sai ta sunkuya ba. Idan masai ya yi mata ƙasa da yawa, akwai mazaunin da ake ɗorawa a kai ya ƙara masa tsawo, ana cire shi bayan tafiyarta.

Sai dare, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Tsofaffi suna yawan tashi fitsari cikin dare, a gidan da ba su saba da shi ba, da barci a ido. Ki canza ƙwan banɗakin da mai haske sosai, ki bar ƙaramar fitila a kunne a hanyar da ke tsakanin ɗakinta da ƙofar, ki ajiye mata tocila kusa da matashinta ko da wuta za ta ɗauke, ki kuma kwashe duk wata waya ko gefen darduma da ke kan hanyar. Sakatar ƙofa ta zama irin wadda ake iya buɗewa daga waje idan wani abu ya faru, wannan kuma zai yi amfani har ga yaron, don yara masu wannan shekaru suna kulle kansu su kasa buɗewa.

Shi yaron ɗan shekara 2, babban abin tsoro a kansa shi ne ruwan da aka tara. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce zurfin santimita 5 ba, kuma ba ya ihu. Kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya leƙa bokiti ya kife ciki ba ya iya fitowa. Don haka bokiti ko dai a juye shi a kife, ko a rufe shi da murfi mai kamawa, murfin masai a sauke, ƙofar banɗaki kuma a ja ta a rufe koyaushe. Bilic da sauran kayan wanki, reza, da magunguna duk su bar banɗakin su koma wuri mai tsawo ko mai makulli. Magani ma dama danshi da zafin banɗaki lalata shi suke yi. Idan kuna da na'urar dumama ruwa, ki sani ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata mummunar ƙuna cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro da ta tsoho kuma ta fi saurin ƙonewa. A fara zuba ruwan sanyi sannan a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa yaro. Kada a ja wayar lantarki zuwa cikin banɗaki don dumama ruwa ko cajin wani abu. Waɗannan ki faɗa wa mahaifiyarsa tun ranar farko cikin hira, za ta ji daɗin cewa kin yi tunanin ɗanta.

Kin yi ta tunanin kunyar da za ki ji, ni kuma ina so ki tuna da kunyar da baƙo yake ji, musamman budurwar nan 'yar shekara 14. Yarinya a wannan shekaru za ta gwammace ta sha wahala a ɓoye da ta zo ta tambayi matar kawunta audugar mata ko inda za ta jefa wadda ta cire. Ki sa kwandon shara mai murfi da leda a ciki, ki ajiye audugar mata da 'yan ƙananan ledoji a wurin da za ta gani ba sai ta bincika ba, kada kuma ki ce mata komai a kai. Wannan kwandon shi ne kuma zai ceci bututunki, domin audugar mata, kunzugun yara da tsumman goge jiki masu danshi ba sa narkewa a masai. Buroshin wanke masai da robar zuƙo toshewa su tsaya a gefe inda ake ganinsu, don duk wanda ya shiga ya iya gyara bayansa ba tare da ya kira kowa ba. Ki tabbata taga tana da labule ko gilashin da ba a hango mutum, ƙofa kuma tana rufuwa da kyau. Sauran kayan ba su da wuya: buta mai tsabta, takardar goge jiki da ƙari a kusa, sabulun ruwa na wanke hannu, silifa na shiga banɗaki, sabon buroshin haƙori biyu ko uku da man goge baki ga wanda ya manta nasa. Tawul kuwa kowa da nasa, launi daban-daban, da maratayi huɗu a bango don su riƙa bushewa, saboda cututtukan fata da ciwon ido suna bin tawul ɗin da aka yi tarayya a kai.

Game da shawarar maigida ta ku bar musu naku banɗakin, kina da haƙƙin ƙin yarda, kuma ba rowa ba ce mace ta so ɗakin barcinta ya zauna nata. Ina ma ganin Mama da kanta ba za ta saki jiki da ratsa ɗakin ɗanta da matarsa cikin dare ba. Amma kada ki rufe ƙofar gaba ɗaya. Mutum huɗu a banɗaki ɗaya za su yi cunkoso da safe, don haka kina iya cewa da ƙanwar maigida idan an matsu da rana ita ko 'yarta su shigo naki, ke ce kika yi tayin, ke ce kuma kika sa masa iyaka. Idan kuma mai gyara ya duba ya ce matsalar bututun ta fi ƙarfin mako uku, to sai a sake lissafi: ko ku koma ɗakin baƙi na kwana goman ku bar wa Mama ɗakinku da banɗakinsa, bayan kin kwashe kayanki na sirri, ko a gyara abin da zai gyaru a bar babban aikin sai bayan hutu. Canza tayil ɗin ma ban ce ki manta da shi ba. Ku sa shi cikin abin da za ku tara wa kuɗi a hankali, kuma idan lokacin ya yi ku zaɓi tayil mai kaushi wanda ba ya santsi.

Ki raba aikin kada ya taru miki a daren zuwansu: makon farko na kwashe tarkace da mai gyara, na biyu na wanki mai zurfi, na uku na jera kaya. Kwana biyu kafin su iso, ki yi wanka a banɗakin da kanki, ki kuma shiga shi cikin dare daga ɗakin baƙi ba tare da kin kunna babbar fitila ba. A nan ne za ki gano cewa babu inda za a rataya zane, ko ruwa yana fantsama har bakin ƙofa, ko makunnin yana wurin da baƙo ba zai lalubo ba. Idan sun zo, minti 10 da safe sun isa a kwashe shara, a goge ƙasa ta bushe, a buɗe taga bayan kowane wanka. Idan ƙanwar maigida ko 'yarta suka ɗauki tsintsiya, kada ki karɓe, ki nuna musu inda kayan suke. Kwana 10 sun yi yawa a ce mutum ɗaya ke yi wa kowa hidima, su ma za su fi sakewa idan suna sa hannu.

Ranar da suka sauka, ki kai Mama banɗakin da kanki, ki nuna mata ƙarfen dafawa da kujerar, ki ce, "Mama, ɗanki ne ya sa aka kafa miki wannan saboda gwiwarki, ki gwada ki ji ko tsawonsa ya yi miki." Ba shi yabon ba zai rage ki da komai ba, zai ma sa ya ji aikin nasa ne ya ci gaba da kula da shi. Idan duk da haka ta sake yin wata magana, kada ki haɗiye ta ki kwana da ita kamar wancan karon. Ki tambaye ta cikin ladabi, "Mama, me kike ganin ya rage a gyara?" Idan abu ne mai yiwuwa ki yi shi a ranar, idan kuma ba mai yiwuwa ba ne ki ce in Allah ya yarda yana cikin shiri, maigida kuma shi ne zai ƙarasa mata bayani. Allah ya kawo su lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigidanki.